Tokar Layi

A zauren magajin garin Garwa
sun jera kujerun roba na haya,
fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da ƙyar.
Wai yau ake karrama waɗanda suka kafa wasan.

Wasan da aka yi mana dariya a kansa.
Ƙwallo mai siffar gwanda, ba ta iya mirgina ba,
ka jefa ta gabas, ta yi tsalle ta nufi kudu
kamar akuyar da ta shaƙi warin kura.

Mushe Gidaɗo ya zo da ita cikin buhu
shekarar da ya dawo daga Duwala, haƙora biyu babu.
Ya tara mu kan rairayin Binuwai bayan ruwa ya janye,
'yan babur, 'yan dako, da ɗan mahauci guda,
ya ce: wannan da hannu ake ɗaukar ta,
ka rungume kamar jariri, ka ruga,
wanda ya tare ka, bi ta kansa.
Masunta suka ajiye taru suna kallo.
Wani ya ce, ko dambe ko kokawa, ku zaɓi ɗaya mana.

Hular kwanon babur muka fara sawa.
A kafaɗa, soson tsohuwar katifa
da Jaratu mai kifi ta ɗinke da zaren buhu.
Ita ce ma'aji. Gwangwanin madara ne bankinmu,
dala goma duk Juma'a,
ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har ni
ran da ƙashin kafaɗata ya karye.
Ta kwance bakin zanenta ta biya maɗori,
sannan ta rubuta mini bashin dala goman.

Aka fara kiran Alhaji Bappa Sali.
Ya cancanta, ba na musu.
Shi ya ba da motar auduga ta kai mu Marwa,
shi ya fara damƙa mana albashi a ambulan,
ranar uwata ta daina cewa yawon banza nake.

Jaratu ta riga mu gidan gaskiya.
'Yarta ta karɓa, ta kasa ɗaga kai.

Sai Mushe. Sau uku ana kira, kunnen ya tafi,
sai da na taɓa gwiwarsa.
Ya miƙe da sandar dogon yaro,
suka ba shi allon gilashi mai sunansa,
sunan ma ba daidai ba, sun cinye harafi guda.
Ya duba, ya juya shi, ya soke a hammata
kamar yadda ya koya mana.

Mai jawabi bai gama ba ya kama hanyar ƙofa.

A waje, gindin katanga, Njidda na gadin babura.
Shekara goma sha tara, duk Lahadi kafin assalatu
yana kwaso toka daga tandar mai burodi,
ya bi filin a duƙe, taku biyar layi, taku biyar layi,
mu zo mu tattake, ruwa ya zo ya wanke,
wata Lahadin ya sake.
Babu sunansa a takarda. Toka ba ta ajiye suna.

Mushe ya tsaya gabansa yana haki,
ya dunƙule allon a cikinsa da hannu biyu,
ya ce da tsohuwar muryar nan ta bakin kogi:
karɓi, ruga.

Njidda bai ruga ba, gwiwa ta ƙi.
Ya goge gilashin da bakin riga,
ya jingine shi kan sirdin wani babur,
ya ce a jira shi,
akwai mai fita da bai biya dala biyar ba.